Inda Hannuwa Suka Tsaya

Ni ban taɓa cewa na iya sharhin littafi ba. Mata goma sha ɗaya ne suka iya, ni baki kawai nake ara musu.

Mahaifina, Alhaji Na-Allah, yana da rumfar albasa a bayan babbar kasuwar Malanville, ta ɓangaren da ke kallon gulbi. Idan sanyi ya shigo, buhuna kan fara isowa daga Garou da Madécali, a zazzage su a kan tabarmi, mata su zauna su zaɓe: manya gefe, ƙanana gefe, ruɓaɓɓu cikin kwando. Aikina wai in tsaya a kansu. To wa zai tsaya a kan Inna Sa'a, wadda ta fara zaɓen albasa tun kafin a raɗa mini suna Zalika? Sai na riƙa zuwa da littafi don kada barci ya kwashe ni. Wata rana bayan azahar ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar Na-Allah, mi kike ma murmushi ke ɗai kamar mai iskoki? Karanta mu jiya." Na karanta, daga ranar kuma ban sake karatu a zuci ba a rumfar nan.

A hankali na gano wani abu. Hannun mai zaɓen albasa ba ya buƙatar ido. Shi kaɗai yake tafiyarsa, ana hira, ana tsegumi, ana faɗa da Dendi a shirya da Hausa, shi yana ta aikinsa. Amma idan labari ya kai inda ya kai, sai in ji ƙarar ɓawon albasa ta ɗauke. In ɗago kai in ga hannuwa ashirin da biyu sun tsaya cik, wata ma da albasa a tafin hannu ta manta da ita. Sai in lanƙwasa kunnen shafin. Da la'asar in naɗi murya a wayata in ce littafi kaza, hannuwa sun tsaya a shafi kaza da kaza. In ba su tsaya ba, in ce ba su tsaya ba. Duk sharhin ke nan.

Na buɗe shafi a Facebook na sa masa suna Inda Hannu Ya Tsaya, don wasa. Wasa ya zama gaske. Mutanen Gaya da Yamai da Parakou da Birnin Kabi suka yi ta tura muryata a WhatsApp, har masu sayar da littattafai suka fara tambaya kafin su yi oda, "Wannan hannuwa sun tsaya kuwa?" Ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

Ta haka Alhaji Abdoulrazak ya san ni. Shi ne mai Maɗaba'ar Tsamiya Bakwai a Yamai, mutum mai taushin murya, wanda ko gaisuwa ya yi maka sai ka ji kamar kyauta ya ba ka. Yakan aiko mini da sababbin littattafansa, tun da aka rufe kadarkon kan iyaka da ke tsakaninmu da Gaya kuwa ta kwalekwalen Ɗangana suke ƙetarowa. Wata rana a waya ya ce, "Ƙanwata, mai kunne irin naki ba ta rasa nata rubutu." Ni kuwa bakina bai da linzami, na ce akwai.

Akwai ɗin kaye huɗu ne, littattafan rubutu irin na 'yan lekol, wato 'yan makaranta, waɗanda na shekara shida ina cikawa da alƙalamin tawada. Labarin mahaifiyata ne, Sa'adiya, wadda ta rasu ina da shekara tara. Mutuniyar Gaya ce, ta ƙetaro tana budurwa ta zauna zaɓen albasa a gefen Inna Sa'a, a nan Baba ya gan ta. Duk abin da na tuna da ita yana cikin kayen nan: warin man kaɗanya a wuyanta, yadda take hura koko kafin ta miƙo mini, waƙar da take yi in tana tsefe mini kai. Ban taɓa karanta wa matan rumfa ko layi ɗaya ba. Tsoro nake ji kada hannuwa su ƙi tsayawa.

Alhaji ya ce in aiko, yana da mai buga masa rubutu a na'ura. Na naɗe su cikin leda uku na ba Ɗangana. Ni da nake wuni da waya a hannu, ko hoton shafi ɗaya ban ɗauka ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Daga nan na zama mai mafarki da ido biyu. Bayan azahar, lokacin da iska ke kaɗa ɓawon albasa yana yawo cikin hasken da ke shigowa ta ramukan rufi, sai in ga littafin. Koren bango gare shi, da kwalekwale a jiki, da sunana a ƙasa. In gan shi yana ƙetaro gulbi shi kaɗai, ba matuƙi, shafukansa suna buɗewa suna rufewa, balbelu suna biye da shi. Wani lokaci Sa'adiya ce ke riƙe da shi a cinyarta, tana duba shi a juye don ba ta yi lekol ba, tana dariya. Sai Zeinabou, 'yar autar masu zaɓe kuma sarauniyar tsokana, ta jefe ni da ƙaramar albasa ta ce, "Madam, dawo, an isa gaɓa."

A watan Janairu Ɗangana ya kawo sabon littafi, da 'yar takarda a ciki: "Wannan na garinku ne, ƙanwata." Sunansa Sawun Ƙafa a Gulbi, wani saurayi Khalidu ya rubuta, kuma Alhaji ya buga shi da yawa don yana sa ran zai yi kasuwa. Labarin a Malanville yake faruwa. Matan suka gyara zama, don ba kullum ake jin sunan garinmu a littafi ba.

Kwana uku ina karatu, hannuwa suna ta tafiya. Yaron ya iya jera magana, ba na ƙi ba, amma garin da ya rubuta ba mu gane shi ba. A shafi na sittin da ɗaya jarumin ya tsere wa 'yan duwan, wato kwastan, a cikin Janairu, lokacin cirar albasa. Ya naɗe wando ya ƙetaro gulbi da ƙafa daga Gaya, ruwa iyakar idon sawu. Duk sauran labarin kuma a kan sawun da ya bari a yashin tsakiyar gulbi ya rataya.

Zeinabou ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka kama. Kowane ɗan garin nan ya san gulbinmu sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na damina, sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga can yamma mai nisa, ya yi watanni a hanya, ya iso mana cikin sanyi, lokacin da sama ta manta da yadda ake ruwa. A Janairu ko raƙumi ba zai ƙetara da ƙafa ba. Inna Sa'a ta share hawayen dariya da gefen zane ta ce, "Wanga yaro ruwan randa ɗai yas sani."

Da la'asar na naɗi sharhi. Na ce akwai zance mai daɗi a ciki, na ce hannuwa ba su tsaya ba, na kuma faɗi zancen shafi na sittin da ɗaya. Kafin gari ya waye muryar ta zaga ko'ina, har wani ya haɗa hoton mutum da naɗaɗɗen wando a tsakiyar teku.

Alhaji bai kira ba. Da kansa ya zo, bayan kwana biyu, ya same ni a bakin rumfa da hantsi. Gefen babbar rigarsa a jiƙe yake, takalminsa duk laka. Na kawo masa kujera da ruwa muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce, "Ƙanwata, kin yi min rauni. Masu shaguna ukku sun hwasa ɗaukar littahin ga."

"Alhaji, ku yi haƙuri," na ce. "Amma ta ina kunka biyo yanzu?"

Ya dubi gefen rigarsa da gulbi ya jiƙa a kwalekwale, ya yi murmushi. "Masu karatu na Kano da Maraɗi ba su san zurhin gulbinku ba. Ke kinka gaya musu." Sai ya shiga lissafo mini mutane da taushin muryar nan tasa. Wata mai sharhi a Doso ta goge nata ta ba da haƙuri. Wani a Maraɗi ya yi taurin kai, yanzu babu maɗaba'ar da ke aika masa ko kalanda. Akwai kuma aboka, lauyansa, wanda ya ce zancen zai iya zama ɓata suna. Duk wannan bai girgiza ni ba, har na fara jin daɗin kaina. Sai ya kurɓi ruwa ya ajiye kofi.

"Kayenki huɗu suna nan buro, wurin aikina. Na karanta na hwarko, ya yi kyau ƙwarai. Ina son in buga shi bana. Sai dai kin san buro, ana ta gyare-gyare, takardu na ɓacewa in ba a kula ba." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ki goge wancan. Ki naɗi wani, ki ce hannuwa sun tsaya. Shahi guda ɗai, ba ni son da yawa."

Na so in ce na yi kwana bakwai ina kokawa da zuciyata. Ƙarya ne. Ko azahar ba a kira ba na goge. Na zaga bayan rumfa, kusa da kwandon ruɓaɓɓu, na naɗi sabuwar murya. Na ce mun sake karanta littafin a natse, na ce a shafi na arba'in hannuwa sun tsaya cik, har Inna Sa'a ta manta da albasa a tafin hannunta. Sau huɗu na maimaita kafin ta fito kamar gaskiya. Alhaji ya aiko mini da hoton furanni.

Na manta cewa Zeinabou ma tana da waya.

Washegari na shigo da wani littafi na daban, na zauna a wurina, na buɗe. Ban ko fara ba sai na ji shiru. Na ɗago kai. Duk su goma sha ɗaya sun ɗora hannuwa a cinya, albasa tuli a gabansu, suna kallona. Zeinabou ta ce, "Ga su nan, Madam, sun tsaya. Ɗauko portabul ki naɗa. Gobe ma ba sai kin wahala da karatu ba, ki hwaɗi shahin da kike so, mu tsaida miki."

Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Inna Sa'a ta ɗaga hannunta na dama, wanda ruwan albasa ya rina, fatarsa duk ta tsattsage. "Ke ɗiyar Na-Allah, hannun ga shekara arba'in shina zaɓe. Bai taɓa sa ruɓaɓɓa cikin buhun mutane ba. Jiya kin sa min ɗaya, kinka ɗinke buhu, kinka rubuta sunana bisa." Ta sauke hannun. "Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sa'adiya ba ta yin haka."

Sunan nan ne ya karya ni. Na fashe da kuka a gaban mata, na gaya musu komai, kaye huɗu, shekara shida, da buron da takardu ke ɓacewa a cikinsa. Na zaci za su tausaya mini. Amma Inna Sa'a sai ta ce, "Kin rubuta Sa'adiya, kinka kai ma baƙo can Yamai. Mu da munka wanke ta munka sa mata likkahwani, ko harahi ɗaya ba mu jiya ba." Ta jawo albasa ta ci gaba da zaɓe, sauran suka bi ta. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Na fita na gangara bakin gulbi. Rana ta karkata, kwalekwale suna ta kai da kawo, an ɗora musu mutane da buhuna da babura a kwance. Baƙin ruwan ya cika har ya shanye gindin itatuwan gaɓa, yana tafiya a hankali, ba ya gaggawa, kamar yadda yake yi tun kafin a san takarda. Na zauna a kan wani tsohon jirgi da aka kife. Can tsakiya na hango wata budurwa a gaban wani kwalekwale, ta ɗaura kallabi irin ɗaurin da, tana kare ido da hannu tana duban gaɓarmu. Na san ba ita ba ce. Duk da haka na bi ta da kallo har jirgin ya iso, ta sauko, ta wuce ni ba ta ko dube ni ba. Babu littafi a cinyarta.

Na ciro waya na ɗauki hoton ruwan mai motsi, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sannan na yi magana a kai. Na ce yau sha tara ga Janairu, ga gulbin Malanville, mai son ƙetarawa da ƙafa bismilla. Na ce muryar jiya ƙarya ce, hannuwa ba su tsaya a shafi na arba'in ba, ni na ƙaga don ina tsoron rasa wani abu nawa, kuma matan rumfa ba su da hannu a ciki. Ban ambaci sunan kowa ba. Na tura.

Amsar Alhaji kalma biyu ce: "Kin zaɓa." Daga nan lambarsa ta daina shiga.

Kwana tara na yi ina zuwa rumfa ba littafi. Na sayi sabon kaye na gwada rubuta abin da na tuna, amma sai guntaye ke zuwa, man kaɗanya, tururin koko, rabin waƙa. Mafarkin koren bangon ma ya daina zuwa. Matan ba su tsokane ni ba, ba su kuma rarrashe ni ba. A rana ta huɗu dai Zeinabou ta ajiye mini ƙunshin ƙosai a gefe.

A rana ta tara da hantsi Ɗangana ya shigo rumfa yana sosa ƙeya, da ɗauri a hannu. Kaye huɗu ne, an ɗaure su da igiya, babu leda, babu takarda.

"Wani mai kamyo, direban babbar mota, yab ba ni su bakin Gaya, hakanan tsirara," ya ce. "Na aje su ƙasan benci. Tsakiya wani jirgi mai inji ya wuce, ruwa ya shigo muna. Wallahi ban san rubutu na ba, ɗiyata, ki yahe min."

Na ƙasan ne ya sha ruwa, shi ne kuma na farko. Ya kumbura, tawada ta bi shafukan ta mayar da su shuɗaye. Na tsaya riƙe da shi kamar gunki. Inna Sa'a ce ta karɓe shi daga hannuna, ta share wuri a tabarma, ta shiga buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nata da suka san abin da zai rayu da abin da ya ruɓe. Muka shanya shi a tsakiyar albasar Garou, muka danne da ƙanana huɗu don iska.

Bayan azahar ya bushe, ya yi ƙwari yana ƙara. Inna Sa'a ta turo mini shi da ƙafa ta ce, "To, karanta mu jiya."

Na ɗauka na fara. Shafin farko ya tsira, na biyu rabi. Na karanta yadda wata budurwa ta taso daga Gaya da sassafe a lokacin baƙin ruwa, tururi na tashi daga gulbi, ba ta san kowa a wannan gaɓa ba sai sunan wata mai zaɓen albasa da aka ba ta. Ban yarda na ɗago kai ba. Na juya zuwa shafi na uku, sai na tarar babu komai, shuɗi ne fes daga sama har ƙasa, kamar an rina zane. Na yi shiru. A lokacin ne na lura shirun ya riga ni, ban san tun yaushe ƙarar ɓawo ta ɗauke ba.

"Mi yat tsaishe ki?" in ji Inna Sa'a. Albasa na tafin hannunta.

"Ruwa ya cinye nan, Inna."

"Ina kinka tsaya?"

"Jirgi ya iso gaɓa, za ta sauko."

"Mi kinka rubuta da?"

"Na ce ta sauko a natse, ta gyara lulluɓi."

Inna Sa'a ta yi tsaki. "Gara da ruwa yac cinye. Wa yag gaya miki? Hwaɗuwa tay yi, tsamo-tsamo, gulbi ya tahi da takalminta ɗaya. Da ɗayan a hannu tas shigo rumfar ga tana dariya, haƙora na kaɗawa, tac ce wace ta Sa'a. Nan inda kike zaune nib ba ta zanena." Ta ajiye albasar a hankali, ta goge hannuwanta a cinya.

Ban taɓa sanin zancen takalmin ba. Shekara shida ina rubuta uwata, ban san ta faɗa ruwa ba.

"Ɗauko alƙalami," in ji Inna Sa'a. "Albasa ta jira."